Zan kai Hajiya gidan Chatsworth ranar Asabar, wa ya taɓa zuwa ya ba ni shawara?

Maman_Sadik_Sheffield:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Mahaifiyata ta zo daga Funtuwa taya ni zaman jego, yau wata biyu ke nan, kuma saura mako uku ta koma. Tun zuwanta ba inda ta leƙa sai asibiti da masallaci da kantin kayan miya, abin yana damuna ƙwarai. Hajiya mace ce mai son shuka. A bayan gidanmu tana da ɗan lambu, zogale da gwaiba da lemon tsami da lalle, ko rana ɗaya ba ta yarda wani ya yi mata ban ruwa in tana gari. Maƙwabciyata Baturiya ta ce in kai ta Chatsworth, wani tsohon gidan masu sarauta a Derbyshire, wai lambun kaɗai ya isa mutum ya yini. Shi kuma maigida ya ce ɓarnar kuɗi ce, yaya za a biya kuɗi a shiga gidan wani don a kalli kujerunsa da gadajensa. Don Allah waɗanda suka taɓa zuwa: ya cancanci kuɗin? Hajiya na da ciwon gwiwa, za ta iya? Ina ake sallah? Ga jariri ga Sadik mai shekara shida.

Garba_Direba:
Wa alaikumus salam. Barka da arziki Maman Sadik, Allah Ya raya. Ai kusa ne da ku, a mota bai kai minti arba'in ba in hanya ta yi kyau. In ba mota, bas mai lamba 218 da ke tashi daga Sheffield zuwa Bakewell ta nan yake bi. Na sha kai fasinja can. Ku sayi tikiti ta intanet tun kafin ranar, Asabar a wannan bazarar tasu cika yake yi.

Bakatsine77:
Ni dai ina bayan maigida. Kuɗin shigar mutum uku ya isa cefanen mako. A kai Hajiya lambun gwamnati na cikin gari, furanni ne a can ma, kuma kyauta.

Injiniya_Bala:
Bakatsine, gani ya kori ji. Ni ma da irin tunaninka na je, abokan aiki ne suka ja ni, amma sau uku ina komawa da ƙafata. Bari in faɗi abu ɗaya tak da ya kama ni. A gaban gidan ta kudu akwai wani dogon tafki, a cikinsa ruwa na tsartuwa sama kamar an harba shi. Na tsaya ina neman inda injin yake, domin aikina ke nan. Babu inji, babu famfo, babu ko digon man fetur. Abin da suka yi shi ne, a kan tudun da ke bayan gidan suka haƙa tafki mai faɗin eka 8, ruwan saman da ke sauka a kan tsaunin ya taru a ciki, sannan suka shimfiɗa bututun ƙarfe ya gangaro da shi ƙasa. Tazarar tsayin ta haura mita 100, to nauyin ruwan ne kawai ke tura shi sama. An auna ya taɓa kai wa kusan mita 90. A 1844 fa aka yi wannan, cikin wata shida, har da dare ana aiki da fitilu, saboda ana sa ran Sarkin Rasha Nikolas na ɗaya zai kawo ziyara. Ya zo Ingila a shekarar amma bai ƙaraso Chatsworth ba, duk da haka har yau Emperor Fountain ake kiran abin, wato maɓulɓular sarki.

Abin da ya fi burge ni ma, ba su bar ruwan ya tsaya a ado ba. Daga 1893 suka fara juya injin lantarki da shi, ya haska gidan har 1936, aka daina, sannan a 1988 aka sake kafa sabo. Akwai kuma ruwan da aka tsara ya gangaro ta matakalar dutse mai hawa 24, ya shiga ƙarƙashin ƙasa, ya fito a wata maɓulɓular, daga ƙarshe ya faɗa kogin Derwent. Duk yaron da ke karatun injiniya a ƙasar nan ya kamata ya je ya tsaya a wurin. Sai dai ba kullum suke sakin ruwan da cikakken ƙarfinsa ba, ya danganta da yawan ruwan saman da aka samu.

Ummu_Khadija:
'Yar'uwa, ki je, amma ga abin da ba wanda ya faɗa min kafin in je da yarana. Cikin gidan akwai zane-zane a bango da rufi, da mutum-mutumi na farin dutse, da yawansu ba sutura. Ɗakin ƙarshe kafin a fita ma gaba ɗaya nasu ne. Ni na riƙe hannun yara muka wuce da sauri, amma da na sani da na shirya. Ki faɗa wa Hajiya tun a gida don kada ta ji kunya a gaban surukinta. Akwai tikitin lambu kaɗai, ya fi araha, in ta ga ba za ta shiga ba. Maganar sallah kuma, ni da alwalata na fita daga gida, na sa darduma a jaka. Muka sami gindin wata babbar bishiya can gefe muka yi azahar. Mutane na wucewa, ba wanda ya ko ɗaga ido. Ki dai duba ƙasa kafin ki shimfiɗa in a filin waje ne, tumaki na kiwo a wurin.

Talatu_Notts:
Ƙari a kan na Ummu Khadija: ba a shiga cikin gidan da keken jariri, a waje ake ajiyewa. Ki tafi da zanin goyo.

Shamsu_Dalibi:
Ku kun san duk ayabar da ake ci a duniya daga gidan nan ta fito? Malaminmu ne ya faɗa mana.

Manomi_a_Turai:
Shamsu, ka ji rabi ka bar rabi. Ayaba ba 'yar Ingila ba ce, asalinta kudu maso gabashin Asiya ne, a sanyin Derbyshire ko mako ba za ta yi a waje ba. Abin da ya faru shi ne, a shekarun 1830 aka kawo wani iri ta tsibirin Mauritius, shugaban masu lambun gidan, Joseph Paxton, ya raine shi a ɗakin gilashi mai ɗumi har ya yi 'ya'ya, ya raɗa masa sunan zuriyar ubangidansa, wato Cavendish. Daga nan aka ɗauki 'ya'yan shukar zuwa wurare, har Samoa. Da cuta ta cinye gonakin irin da ake fitarwa da, a shekarun 1950, sai manyan kamfanoni suka koma wa Cavendish. Yau kusan duk ayabar da ka gani a kantin Turai ita ce. Amma irin ayaba sun fi ɗari, kuma ba duka ne suka bi ta can ba.

Shi Paxton ɗin ne ya kamata Maman Sadik ta ba Hajiya labarinsa, don mai son shuka zai ji shi a jikinsa. Ɗan manomi ne talaka, yaron lambu, Duke na shida, wato basaraken da ke da gidan a lokacin, ya gan shi yana aiki a Landan ya ɗauke shi a 1826 yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Da asuba ya iso, ya tarar ƙofa a rufe, ya haura katanga ya zagaye lambun kafin ma'aikata su fito. Shi ya yi ruwan da Injiniya ke magana. Shi ya gina wani gidan gilashi mai tsawon mita 84, wanda Sarauniya Biktoriya ta ratsa ta cikinsa a keken doki a 1843. Kowane hunturu sai ya ci gawayin kwal kusan tan 300, ta ramin ƙarƙashin ƙasa ake shigo da shi don kada baƙi su ga baƙin aikin. Lokacin yaƙin duniya na ɗaya ba kwal ba ma'aikata, tsirran suka mutu, aka rushe shi a 1920. Tushen ginin na nan, an shuka shinge mai lunguna a ciki wanda yara ke shiga su ɓace su fito. Ramin kwal ɗin ma ana shiga. Mutumin nan shi ya zana katafaren ginin gilashin baje koli na Landan a 1851, daga baya har majalisa ya shiga.

AbuHanifa_Leeds:
Kuna ta yabon ruwa da ayaba, ba wanda ya tambayi daga ina kuɗin ya fito. Ni nan kusa da mu akwai gidan Harewood, na je sau ɗaya, na fito zuciyata a dagule. Zuriyar Lascelles ce ta gina shi daga 1759 zuwa 1771, da kuɗin rake na Barbados da sauran tsibiran, kuɗin gumin bayi da jininsu. Da aka haramta bauta a 1833, gwamnatin Birtaniya ta ware fam miliyan 20 ta biya diyya, ba ga bayin ba, ga iyayen gijinsu. Mai Harewood na lokacin ya karɓi sama da fam 26,000 a kan mutum 1,277. Mutanen nan daga yankinmu na Afirka ta Yamma aka kwashe kakanninsu. Ina tsaye a ɗakin da aka yi wa rufi ado da zinariya sai na ji kamar ina taka kabari. A 2020 ƙungiyar National Trust da kanta ta fitar da rahoto, gidaje 93 cikin waɗanda take kula da su suna da alaƙa da bauta ko mulkin mallaka. To ni ban ga dalilin da zan ƙara musu ko sisin kwabo ba. Duk gidajen nan jirgi ɗaya ya kwaso su.

DanZango_Kumasi:
Malam AbuHanifa, maganarka ta taɓa ni. Na shiga kurkukun ƙarƙashin ƙasa na Cape Coast da Elmina, inda ake tsare mutane kafin a loda su a jirgi. Duk wanda ya shaƙi iskar ɗakunan nan ba zai kalli irin wannan ado da ido ɗaya da sauran mutane ba.

Malama_Rabi_Tarihi:
AbuHanifa, abin da ka faɗa a kan Harewood gaskiya ne, kuma su masu gidan na yanzu ba su ɓoye ba, sun buɗe takardunsu ga masu bincike. Amma jirgi ɗaya bai kwaso su duka ba, kowane gida da tarihinsa, kuma adalci ne a faɗi na kowa yadda yake. Chatsworth ba na National Trust ba ne, kuma tushen arzikinsa daban ne. Sir William Cavendish yana cikin jami'an da Sarki Henry na takwas ya sa su ƙwace kadarorin gidajen ibadar Katolika, a nan ya yi kuɗi. Shi da matarsa Bess suka sayi filin a 1549 suka fara gini a 1552. Bess ɗin ta yi aure sau huɗu, kowane aure ya ƙara mata dukiya, har ta zama ta biyu a arziki cikin matan Ingila bayan Sarauniya Elizabeth ta ɗaya. Mijinta na ƙarshe aka ba wa tsaron Sarauniya Mary ta Sikotland, ta yi zaman ɗaurin talala a Chatsworth lokuta da dama. Daga baya sai kuɗin hayar gonaki, da ma'adinin jan ƙarfe na Ecton, da manyan filaye a Ayaland.

Ba ina cewa hannunsu fes yake ba. In kin je, Maman Sadik, ki dubi ƙauyen da ke tsallaken kogi, ana rubuta shi Edensor amma Enza ake faɗa. Da ba a nan yake ba. Ana hango shi daga tagogin gidan, masu gidan suka ga yana ɓata musu kallo, sai aka rushe shi aka sake gina shi a bayan tudu, aka kammala wajen 1842. An gina wa mutanen gidaje masu kyau, amma ba shawararsu aka nema ba. Filin nan mai eka 1,000 da za ki gani kamar haka Allah Ya halicce shi, shi ma hannu ne ya tsara shi a shekarun 1760, har kogin sai da aka gyara masa hanya. Ni shi ya sa nake kai ɗalibai. A gani, a yaba wa gwanintar masu aikin, a kuma tambayi wa ya biya. Ƙin zuwa ba ya koya wa yaro komai.

AbuHanifa_Leeds:
Na karɓi gyara a kan Chatsworth, Malama, Allah Ya ƙara sani. Amma matsayina bai canza ba. Filin wajen kyauta ake shiga, in na je a nan zan tsaya.

Bakatsine77:
To ni abin da ya tsaya min a rai yanzu daban ne. Gida ɗaya a hannun zuriya ɗaya sama da shekara 470. Gidan kakana a Katsina, mai zaure uku da soro da zanen magina a fuska, bai kai shekara ɗari ba, yau shaguna ne. Ranar da aka sa masa katafila ina tsaye, wallahi sai da na yi hawaye. Me ya sa namu ba sa daɗewa?

Shamsu_Dalibi:
Rabon gado ne. Su babban ɗa namiji ne ke ɗauke komai, gida da gona da sarauta. Mu kuwa da mutum ya rasu sai a sayar a raba.

Malam_Sani_Bradford:
Shamsu, a yi hattara da harshe a nan. Gaskiya ne al'adarsu ta ba babban ɗa komai ita ta hana filayen tarwatsewa. Amma ka tambayi ina ƙannensa da 'yan'uwansa mata suke tafiya. Maza a tura su soja ko coci ko ƙasashen da aka mallaka, wasunsu ma irin waɗanda suka zo mana a matsayin joji da razdan ne, mata kuma sai abin da aure ya ba su. Rabon da Allah Ya yi ya ba 'ya mace haƙƙinta, ya ba uwa, ya ba matar mamaci tumuninta. Ba zan musanya wannan da katanga ba komai kyanta. Kuma shari'a ba ta bar mu hannu rabbana ba, akwai wakafi. Mutum na da ransa zai iya tsayar da gida ko gona ya ce ba a sayarwa ba a gada, amfaninsa ya tafi ga zuriya ko makaranta ko mabuƙata. Da shi aka riƙe manyan gine-gine a Alƙahira da Istanbul da Fas ɗaruruwan shekaru. Mu ne muka yi sakaci da wannan babin. Wani ya tambaye ni ta bayan fage ko za a yi ƙasaru a wannan tafiyar: daga Sheffield tazarar ba ta kai ba, a cika sallah.

Injiniya_Bala:
Akwai kuma maganar kayan gini, Bakatsine. Nasu dutse ne. Namu ƙasa ce da azara, tana son yaɓe duk shekara bayan damina, da an bar ta shekara uku sai ta fara zubewa. Amma in ana kula tana daɗewa, ga Gidan Makama a Kano da hasumiyar Gobarau a garinku. Ba ƙasar ce ta gaza ba.

Malama_Rabi_Tarihi:
Kuma kada a ɗauka nasu duk sun tsira. Ɗaruruwa aka rushe bayan yaƙin duniya na biyu, a 1955 kusan duk kwana biyar sai an rushe guda. Chatsworth ma da ƙyar ya sha. Babban ɗan Duke na goma ya mutu a fagen yaƙi a 1944, wata huɗu bayan ya auri Kathleen, ƙanwar John Kennedy wanda ya zama shugaban Amurka, kabarinta ma yana Edensor. Uban ya rasu kwatsam a 1950, gwamnati ta ɗora harajin gado na kashi 80 cikin ɗari, kimanin fam miliyan 7. Ɗansa na biyu da ya gada ya sayar da dubban eka, ya miƙa wa gwamnati manyan zane-zane da littattafai, ya ba da Hardwick, ɗaya gidan da Bess ta gina, ya yi shekaru yana biya. Shi da matarsa Deborah suka mayar da gidan abin da ke ciyar da kansa: wurin dabbobi na yara a 1973, kantin kayan gona a 1977. A 1981 aka miƙa gidan ga wata gidauniya ta hayar shekara 99, iyalin da kansu haya suke biya a ɓangaren da suke zaune. Malam Sani, ka ga ai sun zagayo sun dawo kusa da wakafin da kake faɗa. Kuɗin tikitin gidauniyar yake shiga, da shi ake gyara. Gyaran da suka gama a 2018 ya ci sama da fam miliyan 32.

Zinariya_Maradi:
Mu ma a Damagaram tsofaffin gidajen unguwar Birni haka suke ta lalacewa, masu zane a bango kamar an yi da allura. Allah Ya kawo masu kishi.

Maman_Sadik_Sheffield:
Na gode ƙwarai, na ƙaru fiye da abin da na zo nema, na karanta wa maigida har ya fara sassautowa. Amma har yanzu ba a ce min komai a kan gwiwar Hajiya ba, kuma shi ne babban abin da ke raina.

Likita_Hadiza:
Yi haƙuri Anti, hira ta ɗauke mu. Na kai surukata bara, ita ma haka take fama. Cikin gidan akwai hawa da sauka da yawa, amma akwai na'urar hawa bene, ki faɗa wa ma'aikata a ƙofa za su raka ta. Suna ba da aron keken marasa lafiya, gara ki kira ki kama tun da wuri. Lambun ne aikin, eka 105 ne kuma a jikin tudu yake. Kada ku ce sai kun ga komai. Ku bi shimfiɗaɗɗiyar hanyar da ke gefen tafki, akwai kujeru a kai a kai, kuma akwai 'yar motar da ke zagayawa da mutane in an biya ɗan ƙari. Ta sha maganinta kafin ku fita, ta sa takalmi mai taushi mai rufi, ba silifa ba, tsakuwa ce a hanyoyin. Ki ɗaukar mata rigar sanyi ko da kin ga rana, iskar wurin ba irin ta cikin gari ba ce.

Talatu_Notts:
Ku tafi da abincinku, an yarda a ci a lambu. Wuraren cin abincin suna tsohuwar bargar dawaki, wadda da take ɗaukar doki 80, amma mu shayi kawai muka saya.

Maman_Sadik_Sheffield:
Jama'a mun je mun dawo, alhamdu lillahi. Na ce ba zan kwanta ba sai na ba ku labari. Maigida da kansa ya ja motar. Tun daga kan gada Hajiya ta fara salati, ba don gidan ba, don tumaki. Ta ce, "Yanzu duk waɗannan ba makiyayi, kuma ba mai ɗauka?" Da muka matso ta ga tagogi na ƙyalli, na ce mata zinariya ce aka shafa saboda ta fi fenti daɗewa, ta yi shiru ba ta ce komai ba.

Ta ce za ta shiga ciki, tunda ta zo. Na goya jariri, wata dattijuwar ma'aikaciya har ta tsayar da ni tana tambayar yadda ake ɗaure zanin ba ya kwancewa. A wani ɗaki akwai goge irin na Turawa rataye a jikin ƙofa, Hajiya ta yi ta musu da ni cewa na gaske ne, sai da ma'aikacin ya tabbatar mata zane ne na kusan shekara 300. Ɗakin mutum-mutumin ta sunkuyar da kai muka wuce, na gode Ummu Khadija da kika faɗa min. Guda ɗaya kawai ta tsaya wa, a wani ɗakin, mace a durƙushe da mayafi ya rufe mata fuska, mayafin ma dutse ne amma sai ka rantse iska za ta ɗaga shi. Tambayar da ta yi ta maimaitawa daga ɗaki zuwa ɗaki ita ce, "Wa ke share nan? Su a ina suke kwana?"

A lambun kayan miya ne na ga Hajiyar da na sani. Hawa ne, na ce mu haƙura, ta ce ko da rarrafe. Ta manta da gwiwa, ta durƙusa gefen kunyar albasa, ta ɗebi ƙasa a tafin hannu ta murza ta shinshina. Ta sa na tambayi wani saurayi mai aikin wurin wane taki suke sawa, ya ce ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi. Ta ce in gaya masa ita ma haka take yi a Funtuwa. Suka yi kusan minti ashirin ina tafinta, yana nuna mata yadda suke kafe rassan tuffa a jikin bango, tana gaya masa yadda ake sare zogale don ya yi rassa. Na ba ta labarin Paxton a nan, ta ce Allah Ya sa wa hannunsa albarka ne. Sadik kuma ya jiƙe sharkaf a gindin wata bishiyar jan ƙarfe da ke fesa ruwa ta rassanta. Da za mu tafi na nuna mata Edensor na faɗa mata abin da Malama Rabi ta ce. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ko a ina talaka shi ke matsawa." Yau gwiwar ta kumbura kaɗan, na gasa mata da ruwan ɗumi, amma tun ɗazu take waya da ƙannenta tana ba su labarin ƙasar.

Injiniya_Bala:
Madalla. Kun samu ruwan na tashi?

Maman_Sadik_Sheffield:
Yana tashi, amma maigida ya tambaya aka ce ba a sake shi duka ba. Shi a nan ya tsaya, sai da muka kira shi sau biyu.

AbuHanifa_Leeds:
Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya, tambayoyinta su ne nawa. Ni dai har yanzu ban sayi tikiti ba.

Bakatsine77:
Malam Sani, don Allah ka duba saƙonka. Akwai gidan kawuna da ya rage, yana raye, ina so in san yadda ake rubuta takardar wakafi kafin in je gida da babbar sallah.